KALLON KITSE MUKE YI WA ROGO: MAGANA A KAN ZOBEN DAIMON

Da farko ina neman gafarar duk wanda wannan magana za ta taɓa, domin na san a cikin masu karanta wannan mujalla tamu akwai waɗanda zoben yake yatsansu, akwai kuma waɗanda suka ci ɗamarar saye. Ban ɗauki alƙalami don cin mutuncin kowa ba, gyara kayanka kuwa ba ya zama sauke mu raba. Abin da ya tunzura ni wani al'amari ne da ya faru a kan idona a unguwarmu Mandawari, wanda ya raba wani saurayi da yarinyar da ya shekara uku yana nema. Ba a same shi da mugun hali ba, ba a kuma ce ba shi da asali ba. Wani ɗan dutse ne da bai kai ƙwayar masara ba ya rusa maganar.

Ga yadda abin ya kasance. Saurayin nan abokina ne, a zaure guda muka yi karatun allo, ya riga ni gama jami'a, yanzu yana koyarwa a wata makarantar sakandare. Manya sun shiga maganar, an kai kuɗin gaisuwa, an yi baiko, an raba goro da alewa, har an sa rana bayan babbar salla. Ana nan sai yarinyar ta nuna masa hotunan ƙawayenta a waya, kowacce ta miƙe yatsu ga zobe yana walƙiya, ta ce ita ma ba za a bar ta a baya ba. Bawan Allah ya tattara albashinsa na wata huɗu, ya karɓi kwasar adashi ya ɗora a kai, ya ba wani mai zuwa Dubai sautu. Zobe ya iso cikin ɗan akwatinsa har da takardar shaida, aka yi murna ta mako biyu. Sa'an nan wata ƙawa ta karanta takardar, ta taɓe baki ta ce, "Ai wannan na inji ne." Shi ke nan fa. Yarinya ta ce an kawo mata jabu an kunyata ta a gaban ƙawaye, shi kuma ya rantse daimon ya saya. Magana ta kai kunnen iyaye mata, aka fara dama-mun-faɗa, aka ɗaga rana, daga ɗaga rana sai mayar da kaya.

Ni na raka shi wurin wani dattijo mai sayar da gwal a cikin gari, ko ya sayar ya rage bashi. Dattijo ya ɗora ɗan abin gwajinsa a kan dutsen, abin ya yi ƙara, ya ce, "Daimon ne, ɗana, ba gilashi ba ne." Abokina ya washe baki. Sai dattijo ya jefa zoben a ma'auni ya ce, "Amma ni gwal ɗin da ke jikinsa zan biya. Dutsen kuwa, in kana so in ɓamɓare maka ka tafi da abinka." Na ce, "Baba, da a ce na ƙasa ne fa, wanda aka haƙo?" Ya dube ni ta saman tabarau ya ce, "Ko na ƙasa ne, wa zan sayar wa? Gwal in na saya da safe, kafin la'asar na sami mai so. Wannan kuwa sai dai in ajiye ina kallo." Abin da ya ƙirgo mana bai kai rubu'in abin da aka kashe ba.

Tun daga ranar nan nake tambayar kaina, shin daga ina wannan abu ya faɗo mana? Mu da muke nazarin Hausa mun san duk abin da ya daɗe a cikin al'umma ba ya rasa suna. Muna da zinariya da azurfa da tagulla, muna da murjani da tsakiya da jigida. Amma wannan dutse har yau ba mu tsayar masa da suna ba. Wasu su ce lu'ulu'u, alhali kuwa a Larabcin da muka aro kalmar, lu'ulu'u shi ne wanda ake cirowa daga cikin kawar teku. Wasu su ce daimon, watau dai yadda kunnenmu ya ji daga bakin Bature. Haka nan a jerin matakan aurenmu, tun daga kayan toshi da na-gani-ina-so, da gaisuwar iyaye da baiko da sa rana, har zuwa lefe da sadaki, babu inda aka ce saurayi ya dafa gwiwa ɗaya a ƙasa a gaban budurwa ya miƙa mata zobe ana ɗaukar hoto. A saninmu saurayi a gaban surukai yake tsugunawa.

To, da ma a ce al'adar tsohuwa ce a wurin waɗanda muka kwaikwaya, da sai mu ce mun aro abin da ya yi jijiya. Ina! Gaskiya ne ana ba da labarin wani ɗan sarkin Ostiriya, Maximilian, da ya ba matar da zai aura zoben daimon a 1477, amma wannan harkar gidan sarauta ce, talakan Turai bai san ta ba. Abin ya canza ne bayan da aka gano daimon mai tarin yawa a Afirka ta Kudu daga 1867, musamman a Kimbali. Da 'yan jari suka ga dutse ya yi yawa farashi zai karye, sai Cecil Rhodes, wannan dai ɗan mulkin mallakar da aka sa wa ƙasar Rodeshiya sunansa, ya haɗe ramukan a ƙarƙashin kamfani guda a 1888, watau De Beers. Aikin kamfanin shi ne ya tara dutsen ya ɓoye, ya riƙa fitarwa kaɗan-kaɗan don a ɗauka abin ba shi da yawa. Ashe ɓoyon kaya ba a kasuwanninmu aka fara shi ba.

Da ciniki ya ja baya saboda karayar tattalin arziki, a 1938 kamfanin ya ɗauki hayar masu talla na Amurka, wani kamfani mai suna N. W. Ayer. Su suka riƙa sa wa taurarin silima zobba, suna cusa labarinsu a jaridu, har suna aika masu lacca makarantun 'yan mata. A 1947 wata ma'aikaciyarsu, Frances Gerety, ta ƙirƙiro taken nan da ke cewa daimon abu ne na har abada. Duba hikimar ɗan kasuwa: in mace ta yarda abin na har abada ne ba za ta kai shi kasuwa ba, in ba ta kai shi kasuwa ba kuwa ba za ta taɓa gane ba ya sayuwa ba. Su ne kuma suka yanka wa samari ƙa'ida, da farko albashin wata ɗaya, daga baya suka mai da shi wata biyu. Mai kaya ne ya yanke maka nawa za ka kashe, kai kuma ka karɓa kamar wahayi! Don a ga ƙarfin talla, a dubi Japan. A 1967 amaren da ake ba zoben daimon a can ba su kai biyar cikin ɗari ba, amma zuwa 1981 sun kai wajen sittin cikin ɗari. Abin da aka yi wa Japanawa da jarida da talabijin shi ake yi mana yau da Instagram da TikTok, sai dai mu ba a ma biyan kowa, da kanmu muke yi wa masu dutse talla kyauta.

Yanzu bari mu zo kan maganar na inji da ta kashe auren abokina. 'Yan'uwanmu na sashen kimiyya za su shaide ni cewa daimon ba komai ba ne illa sinadarin nan da ke cikin gawayi da bakin fensir, wanda zafi da nauyin ƙasa suka matse shi a can ƙarƙashi, zurfin fiye da kilomita 150, tun shekaru miliyan dubu da ɗoriya. A watan Disamba na 1954 wani masani, Tracy Hall, na kamfanin General Electric a Amurka, ya yi nasarar ƙera shi a ɗakin bincike. Da fari ƙanana ake samu, na yankan ƙarfe da haƙar rijiyar mai, amma sannu a hankali aka gwanance. Yau hanya biyu ake bi: ko dai a matse sinadarin cikin wata na'ura da zafin da ya haura digiri 1,300, ko kuwa a sa ɗan ƙwayar iri a cikin tukunyar iskar gas, sinadarin ya riƙa sauka a kansa yana taruwa. Cikin 'yan makonni an sami dutse. Taurinsa ɗaya da na ƙasa, walƙiyarsa ɗaya, ido ba ya rarrabewa, ƙaramin abin gwaji irin na dattijon nan ma ba ya rarrabewa, sai an kai ga manyan na'urori. A 2018 hukumar kula da ciniki ta Amurka ta gyara ma'anar daimon, ta cire sharaɗin cewa sai wanda aka haƙo. Saboda haka yarinyar nan ba jabu aka kai mata ba. Ƙanƙarar firji da ƙanƙarar da ta faɗo da ruwan sama duk ƙanƙara ce.

Da kamfanonin Sin, musamman na lardin Henan, da na birnin Surat a Indiya suka shiga aikin gadan-gadan, sai farashi ya rikito. De Beers da kansa ya buɗe reshen sayar da na inji a 2018, mai suna Lightbox, yana sayar da karat guda, watau kashi ɗaya cikin biyar na giram, a kan dala 800. A 2024 ya rage zuwa dala 500, a watan Mayu na 2025 kuma ya ba da sanarwar rufe reshen, yana mai cewa farashin sari ya faɗi da kashi casa'in cikin ɗari. Na ƙasan ma bai tsira ba, ya bi sahu yana sauka, har kamfanin Anglo American mai mafi yawan hannun jari a De Beers ya bayyana a 2024 cewa zai rabu da shi. A 2023 Firayim Ministan Indiya Narendra Modi ya kai wa uwargidan shugaban Amurka, Jill Biden, tsarabar daimon mai karat bakwai da rabi, na inji ne kuwa. Abin da aka miƙa a fadar shugaban Amurka ba a ji kunya ba, shi ne aka mayar da kayan aure a kansa a Mandawari!

A nan ne asirin ya tonu. In da kyan dutsen ake so, to ga shi ya yi araha, sai a yi murna. Amma da ya yi araha sai aka ce ba a so. Ashe tun asali tsadar ake saye, don a ce wance an kashe mata kaza, wance kuwa ba a kashe mata ba. Wannan kuwa ba ƙauna ba ce, gasa ce, kuma Kanawa sun fi kowa sanin ƙarshen darajar da aka gina a kan ƙarancin abu.

Mu tuna da wuri. Tarihin Kano ya nuna a zamanin Sarki Sharefa, wanda ya yi mulki daga 1703 zuwa 1731, wuri ya shigo ƙasar Hausa. Daga tsibiran Maldibs na tekun Indiya ake kawo shi, nisan tafiya da wahalar samu su suka ba shi daraja, har jam'insa ya zama sunan dukiya, watau kuɗi. Lokacin da Barth ya zo Kano a 1851 ya tarar ana canjin dalar azurfa guda a kan wuri 2,500. Amma tun wajen 1845 'yan kasuwar Hambug na Jamus sun gano wani irin wuri mai araha a gaɓar Zanzibar, suka riƙa ciko jiragen ruwa suna jibgewa a Afirka ta Yamma. Kafin ƙarni ya ƙare wuri ya lalace, ladan 'yan dako yana cinye abin da suka ɗauko, a 1904 kuma Turawa suka hana shigo da shi. Wanda ya tara rumbun wuri ya wayi gari da rumbun ɓawo. Yau ina wuri? Sai a tabarmar mai duba da adon 'yan bori. Abin da jiragen Jamus suka yi wa wuri shi injunan Sin da Indiya suke yi wa daimon. Haka kuma jeren ɗakin iyayenmu ya bi, daga ƙorai zuwa tasoshi, daga tasoshi zuwa kwanuka, daga kwanuka zuwa tangaran, kowanne da ya shiga hannun kowa sai masu hali su tsallaka gaba. Sai dai su waɗannan ko banza an ci tuwo a cikinsu.

Wani zai ce, to kai da kake wannan surutu, ai lefen namu ma gasa ce. Na yarda, ban kuwa wanke lefe ba. Abin da asalinsa ɗan kwando ne na kaba ya zama adudu, ya zama fantimoti, yau ya zama jerin akwatuna sai an ɗauko mota. Amma wanda kaya suka yi wa nauyi, ƙara masa dutse ake yi? Sa'an nan akwai bambanci guda da bai kamata mu manta ba. Iyayenmu mata da ba su shiga aji ba sun san abin da suke yi da suka riƙe gwal. Ɗan kunne da sarƙa da warwaro su ne bankin matar kulle. Nata ne, ba na miji ba, ranar da aka shiga uku ko aka yi saki su ne madogararta. Ni shaida ne. Shekarar da na sami shiga jami'a kasuwa ta juya wa mahaifina baya, kakata ta kira ni ɗakinta, ta kwance bakin zane ta fito da 'yan kunnen da ta sayo a aikin hajji tun kafin a haife ni, ta ce, "Ungo, kai wa babanka, ka ce in ji ni a biya kuɗin makaranta." Kafin azahar an sayar, da riba mai yawa kuwa. Naira da ta fi dala daraja a 1980 ta kai ana ba da fiye da 1,500 kafin a sami dala guda a 2024, amma gwal yana nan daram, har ma awonsa na oza ya haura dala 3,000 a watan Maris na 2025. Da daimon kakata ta ƙulle a zanen nan, da yanzu ba ni nake rubuta muku wannan ba.

Abin takaici ma, a ce a Mandawari ne za a manta da wannan. Unguwar nan ana danganta sunanta da ɗaya daga cikin malaman Wangarawa da suka zo daga Mali a zamanin Sarki Yaji, tsakanin 1349 da 1385, Wangarawa kuwa su ne fataken zinariya na Afirka ta Yamma. Daga ƙasarsu Mansa Musa ya tashi a 1324 ya yi ta rabon zinariya a Masar har farashinta ya faɗi. Amma ta farfaɗo, domin har yau ba a sami injin da zai ƙera ta a kan araha ba.

Wani kuma zai ce, to a sayi na ƙasa mana, ai taimakon 'yan'uwanmu na Afirka ne. Akwai ƙamshin gaskiya a nan, domin Botsuwana ta gina makarantu da asibitoci da kuɗin daimon, faɗuwar farashin nan kuwa ta jijjiga ta. Amma mu tuna da Saliyo, inda daga 1991 zuwa 2002 aka yi yaƙin da daimon ya riƙa hura wutarsa, ana datse hannayen mutane, har sai da duniya ta kafa tsarin tantancewa na Kimbali a 2003. Kada kuma a ce na rufe ido ga laifin gwal: a 2010 yara fiye da 400 suka mutu a ƙauyukan Zamfara saboda gubar dalma ta wurin haƙar zinariya. Duk abin da ke walƙiya a yatsa akwai wanda ya shiga rami dominsa. Kuma albashin malamin makaranta na Kano ba shi zai ceci Botsuwana ba.

Mai cewa kyauta ce ta ƙauna, ina ruwanka, shi ma ina da amsarsa. Wanda Allah ya hore wa, ya saya wa matarsa abin da ya ga dama, ba ni da ta cewa. Inda nake da magana shi ne ranar da abin marmarin masu kuɗi ya zama sharaɗi a kan talaka. A mazhabarmu ta Malikiyya mafi ƙarancin sadaki rubu'in dinari ne, watau zinariya giram ɗaya da 'yan kai. Kowa kuma ya san labarin sahabin nan da Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya umarta ya nemo ko da zoben ƙarfe ne, da bai samu ba aka aura masa matar a kan abin da ya haddace na Alƙur'ani. A jihar da tun 2012 gwamnati take ɗaukar nauyin aurar da zawarawa da 'yan mata saboda tsadar aure, wadda a 2023 kaɗai aka ɗaura wa mutum 1,800 da matansu aure a rana guda, a ƙasar da aka tsayar da mafi ƙarancin albashi naira 70,000 a 2024, a nan ne za mu ƙaro wani sabon shinge? Wannan shi ne ci gaban mai haƙan rijiya.

Laifin kuwa ba na 'yan mata kaɗai ba ne, kada samari su yi saurin tafa mini. Mu 'yan boko mu muka kawo wannan abu. Ba a ƙauye aka fara ba, ba a tsangaya aka fara ba. A tsakaninmu aka fara, mu da muke taƙama mun yi karatu mun waye. Saurayi ne yake son a ce ya isa, ya ci bashi ya yi burga, ya bar na bayansa da jidali. Abokina ma da ya tsaya ya ce ba shi da hali, da wataƙila yau yana ɗakinsa da matarsa. Kayan aro dai ba ya rufe katara.

Saboda haka ina kira ga 'yan'uwana mata na wannan jami'a, in har za a ba ku wani abu, ku nemi abin da zai tsaya muku ranar wuya, ko gwal, ko keken ɗinki, ko jari, ko kuɗin ƙaro karatu. In kuwa walƙiyar ce ta ba ku sha'awa, ku karɓi na inji hankali kwance, ku ɗauke shi ado kamar sauran ado, kada ku ɗauke shi ajiya, kada kuma ku mai da shi ma'aunin mutum. Samari kuma ku ji tsoron bashi, ku daina fara zaman aure da rami. Malamanmu, musamman na tattalin arziki da kimiyya da nazarin al'adu, ku fito ku yi wa jama'a bayani da Hausa a rediyo da zaurukan unguwa, domin ilmin da ya tsaya a cikin aji bai amfani kowa ba. Ƙungiyarmu kuma ina ba ta shawara ta shirya muhawara a kan wannan batu, duk mai ganin na yi kuskure ya zo da hujjarsa, ko ya aiko da martani a fitowa ta gaba.

Abokina yana nan yana zubin adashin da ya riga ya kwashe. Dutsen kuwa ya karɓo shi, yana cikin wani kwalin ashana a kan tagarsa, in rana ta haska shi sai ka ga ɗakin ya ɗauki walƙiya gwanin sha'awa. Allah ya ba shi wadda ta fi alheri, ita ma ya ba ta wanda ya fi, mu kuma ya ganar da mu. Haza wasalam.